Zuhura mai cuku da kujerar Elhaji Yazidu

Ni mai ginar rijiya ne, sunana Sa'adu. Shekara ashirin da bakwai ina shiga rami ina fita. Ban iya tsara zance ba, kuma ban cika yarda da masu iya shi ba, don na ga manya da yawa sun tsaya a bakin rijiyar garinmu, sun leƙa, sun girgiza kai, sun koma mota. Labarin da zan ba da na Zuhura ne, taubashiyata, ɗiyar ƙanen uwata. Na rubuta shi don kada gobe a ce ba wanda ya motsa.

Garinmu Tudun Aduwa, arewa da Dakoro, tafiyar awa biyu a moto, wato babur, in yashi bai yi yawa ba. Gida saba'in da 'yan kai, rijiya ɗaya. Zurfinta gaba arba'in da ɗaya, kuma ta girme ni. Daga ita mutane ke sha, daga ita bisashe ke sha. Jakai ke jan guga tun hantsi har la'asar. Wata rijiyar da ta fi kusa da mu tana Maigeza, mai jaki in ya fita da safe sai azahar ya komo.

An haifi Zuhura a shekarar babban fari. Da aka ce kowane gida ya ba da ɗa guda a sa lekol, ubanta ya tura 'ya'yansa maza daji da awaki, ya miƙa ita. Haka ta kai aji shida, ta iya karatu da rubutu. Mijinta Haruna ya tafi Libiya neman aiki tana da cikin ɗiyarta ta ƙarshe, Aziza, bai komo ba, ba a kuma ji inda ya ƙare ba. Da cuku ta riƙe gida. Tana sayen madara wurin Fulani, ta haɗa, ta shimfiɗa a kan 'yar tabarmar kara, ta shanya, ran kasuwa ta kai Dakoro. Wani lokaci har Maraɗi take kai shi, shi ya sa ta yanki kartar ɗan ƙasa, don jandarma na tambaya a hanya. A duk garinmu, in ka cire Elhaji Yazidu, ita kaɗai ke da karta da takardar haihuwa duka biyu.

Elhaji Yazidu dillalin bisashe ne. A zaɓen komin, wato ƙaramar hukuma, na ƙarshen shekarar 2020 ya tsaya takarar konsaye, wato wakilinmu a majalisar komin. Doka ta ce duk ɗan takara sai ya rubuta wani a ƙarƙashin sunansa, wanda zai hau kujerar in shi ya mutu ko ya bari. Ƙanensa Zakariya'u ba shi da takarda ko ɗaya. Ina gidan Zuhura ina gyara mata katangar rumbu ranar da Elhaji ya yi sallama.

"Uwar Aziza, aro na zo."

"Elhaji, mi gare ni da za ka ara? Faifai ko tabarma?"

"Kartarki. Suna ne kurum za a rubuta ƙarƙashin nawa. Ba taro, ba tahiya, ba komi."

"In ka mutu fa?"

"Ke ma dai! Dubi wuyan nan. Na yi miki kama da mai shirin mutuwa?"

Muka yi dariya duka. Na ce mata daga yau sai mu riƙa cire takalmi in za mu shiga gidanta. Ta ce ni dai ko takalmin ba ni da shi. Ta ɗauko kartar daga cikin gwangwanin madara, ta ba shi. Ya ci zaɓe, ya maido mata, kowa ya manta.

Ba zan ci haƙƙin Elhaji ba, ya yi aiki. A rani na 2022 guga ya fara fitowa da yashi. Aka zura ni. A gaba talatin na tarar da zobban siminti uku sun tsage, na sa hannu ta tsagar, bayansu babu komai sai rami. Na fito na ce wa mutane rani biyu ya rage mata, in ta daɗe. Elhaji bai ce mini Allah ya kyauta ya wuce ba. Ya kawo ma'aikacin ruwa ya gani da idonsa, ya bi meri, wato ofishin magajin garin komin, har aka rubuta Tudun Aduwa cikin garuruwa biyar masu neman sabuwar rijiya. Rijiya biyu kawai komin ke iya ginawa a shekara. A zaman majalisa na ƙarshen 2023 za a zaɓi biyu cikin biyar, kuma Elhaji ya ce ya riga ya shawo kan abokansa.

A watan takwas na 2023 ya tafi wajen Tagris duba shanunsa da ke hannun wani Bafillace mai suna Salihu. Can ciwon ciki ya kama shi, kwana biyu ya cika. Ruwa ya yanke hanya, Fulani suka yi masa wanka da salla, suka rufe shi nan kusa da rugarsu. Sai hularsa da jakarsa aka kawo mana.

Ranar sadakar arba'in dattawa suka raba gado. Da suka zo kan jakar takardun meri, mai gari ya ɗora ta a cinyar Zakariya'u, ya ce kujerar konsaye ta gidan Yazidu ce, ƙane ya gaji wa, kamar yadda ake yi da sarautar gari da limanci. Aka shafa fatiha. Ni ma na shafa. Ba wanda ya tuna da karta. Daga baya na tambayi Zuhura ko ita ma ta manta ne. Ta ce, "Ban manta ba. Amma ana rabon kayan mamaci, ni mace in miƙe cikin maza in ce kujera tawa ce? Da wane ido?"

Sau biyu Zakariya'u ya je meri. Bai tarar da zama ba, aka yi masa gaisuwar rashi, aka ba shi shayi, ya komo ya ce komai lafiya. Sai a watan sha ɗaya, da ya je tambayar ranar zama ya ce shi ne sabon konsaye, sakataren meri ya buɗe takarda ya karanta masa sunan da ke ƙarƙashin na wansa. Ya komo garin ko gida bai shiga ba, ya tsaya ƙofar Zuhura.

"Ke mai cuku! Tun yaushe kike cin amanar gidanmu?"

"Malam Zakari, wanka ne ya zo da ƙafarshi ya ara. Ga Sa'adu nan, yana wurin."

"To ba ki hawa. Gara kujerar ta zauna haka nan."

Ta aje faifan da ke hannunta. "Ka sha ruwan yau? Ka ga abin da ya kwanta a gindin kwano? Ni ba kujera nika so ba. Ka ɗauke ta ka sa a ɗakinka in sun ba ka. Amma ranar da za a kira sunan garin nan, sai an samu mai cewa na'am."

Ya juya ya tafi. Da la'asar matarsa ta kawo jakar, ta aje a zaure, ta tafi.

Washegari na ɗauki Zuhura a moto muka je meri. Sakataren mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a wajensu Elhaji Yazidu yana da rai, tunda ba wanda ya kawo takardar mutuwarsa. Ba takarda, kujera ba ta zama wofi ba, ba a kuma ɗora wani a kan kujerar da ke da mai ita. Zuhura ta ce to a rubuta takardar yanzu. Ya ce wa'adin da ake ba da sanarwar mutuwa ya wuce tuntuni, yanzu sai gidan shari'a na Dakoro, da shaidu biyu da suka ga gawar da idonsu.

"Malam sakatare, duk garin nan an san ya mutu. Kai kanka ka yi wa ƙanenshi gaisuwa."

"Na yi, Hajiya. Amma gaisuwata ba takarda ba ce."

"Yaushe ne zaman?"

"Saura kwana goma sha tara."

A garinmu ba wanda ya ga gawar. Waɗanda suka gani Salihu ne da mutanensa, su kuma tun da aka yanke hatsi suka tashi da shanu. Wayarsa ba ta shiga. Muka nufi Tagris, muka tarar da kufai, da kabarin an jera masa ƙaya, ba ko kaza a wurin. Zuhura ta durƙusa ta yi masa addu'a, ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Elhaji, ga wuyan nan naka."

Daga nan muka shiga bin rijiyoyi. Duk inda muka ga ana shayar da shanu sai mu tsaya mu tambaya. Wani ya ce ya gan su wajen Bader Gula, muka je, aka ce sun yi kwana uku da wucewa kudu. Moto ya lalace sau biyu, sau ɗaya muka tura shi cikin yashi tun azahar har rana ta yi sanyi. Ƙafafunta suka kumbura. Cukun da ta ɗauko don ci a hanya ya ƙare a rana ta shida, muka koma roƙon fura a rugage. Na ce mata mu koma gida, mu sa mai gari da liman su ce sun gani, wa zai sani? Ta ce, "Kai dai ka daɗe cikin rami, kanka ya cika da yashi. In sa liman ya dafa Alƙur'ani kan ƙarya, sa'annan mu sha ruwan?" Ban sake faɗa ba.

A rana ta goma sha ɗaya muka same su, a wata rijiyar makiyaya kudu maso yamma da Dakoro. Salihu da ƙanensa su biyu ke jan ruwa wa shanu fiye da ɗari, da raƙumi ɗaya. Da ya ji an ambaci gidan shari'a sai ya saki igiya.

"Ni ban kashe shi ba! Wallahi nono na ba shi, da saiwa. Na yi mishi abin da zan yi wa ubana."

"Ba wanda ya ce ka kashe shi, Salihu. Cewa kurum za ka yi ka gani."

"Haka aka ce wa kawuna, ya yi wata huɗu a Maraɗi. Kuma in na tahi, wa zai shayar da waɗannan? Ke?"

Gaskiya ya faɗa. Layin rijiyar na kwana ɗaya-ɗaya ne, wanda ya rasa nasa sai shanunsa su kwana biyu ba ruwa. Zuhura ta juyo ta dube ni, ban jira ta yi magana ba, na cire riga. Na ce masa ni rijiya ce sana'ata, su tafi, zan ja musu. Ya dubi tafin hannuna ya ga yadda ya yi kanta. Duk da haka sai da ta zauna da uwarsa a bukka tun azahar har la'asar, ta kuma yi alkawarin ba za ta bar gefensa ba har ya fito. Tsohuwar ce ta ce ya tafi.

Kwana huɗu na yi a wannan rijiya ni da matansu, ina kora raƙumi ina juye guga. Ban ga abin da ya faru a Dakoro ba, ita ta ba ni labari. Sun isa ran Jumma'a da yamma, sai suka jira Litinin. Ran Litinin alƙali ya saurare su, bai ɗauki lokaci ba. Salihu ya tsorata har ya manta sunan ubansa, ta riƙe masa sanda. Ran Talata aka ba ta takarda da hatimi. Ta maido Fulani wurin shanunsu a motar kasuwa, ni da ita muka kama hanyar meri. Saura kwana biyu.

Sakatare ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce ta yi abin da maza ba su yi ba. Sa'annan ya ce yanzu za a rubuta wa parfe, shugaban gundumar Dakoro, a sanar da shi kujera ta zama wofi, in amsa ta komo sai a kira ta a zaunar da ita. Ta tambaya kwana nawa. Ya ce ba a hannunsa yake ba, amma ba kwana biyu ba ne.

"To in shiga zaman?"

"Kowa na iya shiga ya saurara. Akwai benci a baya."

Ranar zaman muka zauna a bencin. Konsaye goma sha huɗu a kan kujeru, ta goma sha biyar ba kowa, an ma ɗora mata butar shayi. Da aka zo kan rijiyoyi aka fara kiran garuruwa. Na Maigeza ya miƙe ya ce mutanensu sun yi yawa, ga lekol, ga ɗakin shan magani. Wani ya miƙe ya yi wa garinsu, wani ma haka. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, ba garin da ruwa ya ishe shi. Aka kira Tudun Aduwa. Shiru. Abokan Elhaji da ya ce ya shawo kansu, ɗaya yana duba waya, ɗaya yana kallon rufi.

Zuhura ta miƙe. "Na'am. Ga mu."

Magajin gari ya ɗaga hannu. "Hajiya, yi haƙuri, ba ki da bakin magana tukuna."

"Ranka ya daɗe, ba magana zan yi ba, abu zan nuna." Ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, ta zo ta zube shi a kan tebur. Yashi ne, wanda ta tace daga tulu ɗaya na ruwan rijiyarmu, ya kusa cika tafi. "Tulu guda ke nan. Ga mai ginar nan, shi ya shiga, ku tambaye shi."

Ba a tambaye ni ba. Wani daga gefe ya ce, "A ba ta kujerar mana, ko ma samu cuku," aka yi dariya. Magajin gari bai yi dariya ba, ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba, ya roƙe ta ta zauna. Aka ɗaga hannuwa. Wani gari na bakin hanya ya samu ta farko. A ta biyu Maigeza ta samu bakwai, mu muka samu shida, ɗaya bai ɗaga wa kowa ba. Da hannunta yana ciki da an yi kunnen doki, da dole a sake magana, da an tambaye ni. Ta tattara yashinta daga kan tebur ta mayar a mayafi, don kada a ce ta ɓata musu wuri.

Muna hanyar komawa, har mun hango aduwar gari. Ta ce, "Da na buɗe baki ranar arba'in."

Amsar parfe ta zo, aka zaunar da ita a watan biyu na 2024. Zama ɗaya ta yi. Ta roƙi a sake duba maganar rijiya, aka ce an riga an rufe lissafin bana, za a sa mu farko a na baɗi, aka rubuta. Cikin azumi rediyo ta ce an rushe majalisun komin na ƙasar duka. Wanda ya rubuta alkawarin da wadda aka yi wa, duka suka koma gida.

Kwana tara bayan salla, da hantsi, rijiyar ta rufta. Aziza ce ke bakin ta da jakinta. Ta ce ta ji ƙara daga ƙasa kamar an juye buhun tsakuwa, igiya ta fizge, ta saki. Allah ya sa ba ta naɗa ta a hannu ba. Aka zura ni, a gaba ashirin da takwas ƙafata ta taɓa yashi. Ba abin da za a tono, in ka kwashe wani ne zai zubo maka a ka. Na fito na faɗa musu.

Kafin damina gida ashirin da uku sun tashi. Zakariya'u na cikin na farko, ya koma Dakoro wurin surukansa. Waɗanda suka rage suna fita da jakai da safe zuwa Maigeza, su bi layi bayan masu gari, su komo da jarka huɗu. Fulani sun daina sauka kusa da mu, don haka madara ta yanke, cuku ya tsaya. Awakin Zuhura bakwai ne, biyu suka rage.

Bayan an yanke hatsi ta zo gidana da sanda, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani kwari gabas da tsohuwar rijiyar, ta soka sandar a ƙasa.

"Nan fa?"

"Nan ma gaba arba'in ne, in an yi sa'a."

"Mutum nawa kake so?"

"Zuhura, ba siminti, ba ƙarfe. Daga gaba goma yashi zai fara zubowa. Wa zai riƙe shi, takardarki?"

"Ban tambaye ka siminti ba, ragon banza. Mutum nawa?"

Na ce shida. Ta kawo huɗu, ita ta biyar, Aziza ta shida. Ta sayar da akuya ɗaya ta sayo siminti, matan gari kowa ta kawo abin da ta iya. Ita da kanta take zuwa meri duk wata wurin wanda aka naɗa ya riƙe komin, ta nuna masa takardar da aka rubuta mu farko a na baɗi. Yana karɓarta da mutunci, yana cewa an ji.

Yau muna gaba goma sha uku. Zobban da muka zuba sun tsaya a goma sha ɗaya, siminti ya ƙare. Jiya ina ƙasa yashi ya zubo mini har gwiwa, suka jawo ni. Na ce mata ba na sake shiga sai an samu zobe. Ba ta yi gardama ba. Da safen nan na ga ta wuce da akuyar da ta rage, ta ɗaura mata igiya, ta nufi hanyar Dakoro a ƙafa.